Sandar Hanya Tana Hannunka

Zuwa ga Baffana, ƙanin mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da dukkan mutanen gida. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raba ka da ciwon tsufa, ya albarkaci zuri'arka. Ni ce babbar 'yar Yayanka, wadda kake kifa wa hular aikinka a ka tana yawo da ita a dandamalin tasha. Rabonka da ni tun ina 'yar shekara tara, yanzu kuwa har na aurar da 'ya, don haka idan ka ga rubutun bai yi kama da na yarinya ba kada ka yi mamaki.

Mu a nan alhamdu lillahi. Maigidana yana fama da shagonsa na kayan gini, ni kuma ina kan keken ɗinkina, ido ya fara gajiya amma hannu bai manta ba. 'Yata ta fari ta sauka wata biyu da suka wuce, an samu namiji mai kuka kamar an aiko shi. Auta, wanda ka bari yana rarrafe, yanzu shi ne babban makanike a garejin bakin kasuwa, da gemunsa da tumbinsa. Gwaggo 'yar'uwarku tana nan, gwiwa ta hana ta yawo amma ba ta hana ta magana ba. Mama kuwa ka sani, shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma ba mu manta da zuwan da Inna ta yi mana gaisuwa ba, Allah ya saka da alheri. Lambar wayar da ta bar mana ta daina shiga tuntuni, shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Baffa, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba, don lokaci ba ya hannuna. Baba ba shi da lafiya. Likita ya ce akwai ƙari a hanjinsa, sai an yi masa aiki, an kuma ba mu ranar Litinin ashirin ga wannan wata a babban asibitin birni. Ya ce idan ranar ta wuce mu sai bayan wata uku, sannan ya cire tabarau ya dube ni ya ce Baba ba shi da wata ukun da zai yi wasa da su. Mun shirya komai, Auta har ya sauya wa mota tayoyi. Sai ga Baba ya ce ba inda za shi, wai ba shi da hanya, hanya tana hannunka. Abin da yake nufi shi ne wancan ƙarfen da direban bas ya kawo maka ranar Talatar da ta wuce a naɗe cikin buhu, ba takarda ba saƙon baki. Na san kai ka gane ko mene ne tun kafin ka kwance igiyar. Ni ce dai har yau kaina yake a ɗaure, shi ya sa zan zayyana maka komai daga farko, ko Allah zai sa ina cikin rubutawa in kama bakin zaren.

Abin ya faro ne wata biyu baya, tun kafin likita ya yanke mana rana. Wasu mutum biyu suka yi sallama a gida, wata malama mai faɗin tabarau da wani dattijo mai ɗaukar hoto, suka ce daga ofishin adana kayan tarihi suke. Wai za a mayar da tsohuwar tasharmu gidan tarihin jirgin ƙasa da gidan waya, kuma duk wanda suka tambaya sai ya ce su je wurin Masta, don har yau haka unguwa ke kiran Baba saboda shugabancin tashar da ya yi. Da za ka ga tashar yanzu da ka yi kuka. Ɗakin jiran fasinja ya zama na masu walda, ofishin tikiti awaki ke kwana a ciki, kuma akwai wata bishiya da ta fito a tsakiyar layin dogo har ta fi rufin tsawo. Baba kuwa da ya ji abin da ya kawo su sai ya miƙe zaune kamar ba shi ne mai ciwon ba. Kwana huɗu suna zuwa yana ba su labari. Ya faɗa musu yadda gari ke gyara agogo da kukan jirgin safe, da yadda mai gidan waya ke jira da kurarsa ta tura kaya a ƙarshen dandamali a jefo masa buhunan wasiƙu tun jirgi bai gama tsayawa ba, da yadda matan da mazansu ke aiki nesa suke bin kurar a baya har ƙofar gidan waya. Ya ce bas-bas ne suka fara kwashe fasinja, manyan motoci suka kwashe kaya, aka bar jirgi da wasiƙu da iska. A kwanakin nan huɗu ya ci abinci fiye da yadda ya ci a wata guda, har na riƙa sa wa baƙin nan albarka.

Rana ta biyar ya sa na jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Akwai hularsa, da tuta kore da ja, da usur, da fitilar hannu, duk ya ce su ɗauka. A can ƙasa kuma sai ga sandar nan ta farin ƙarfe mai zobe a ka, wadda muka tashi muna ganinta ba mu taɓa tambaya ba, ni ma da na ɗauka ta kashe maciji ce. Ka gafarce ni in yi maka bayanin aikinka, ina so ne ka ga ko na fahimta daidai. Baba ya ce tsakanin tasharsa da taka ta bakin gada layi ɗaya ne tal, jirgi mai zuwa da mai komawa duk a kansa suke bi. Saboda haka aka yi sanda guda ɗaya, kuma babu abin da zai hau layin nan sai sandar tana hannun direbansa. Idan ta tafi can, na nan ya jira, ko wane ne shi. Tunda ɗaya ce, jirage biyu ba za su taɓa haɗuwa a tsakiya ba. Jirgin ƙarshe da ya bi layin shi ya kawo ta wurin Baba, washegari takarda ta zo cewa an dakatar da zirga-zirga sai an ji sanarwa, kuma yau shekara ashirin da biyar sanarwar ba ta iso ba. Malamar ta miƙa hannu za ta karɓa, Baba ya janye. Ya ce layin an dakatar da shi ne, ba a rufe ba, in ta kawo masa takardar rufewa zai ba ta. Muka yi dariya, ita ma ta yi, shi bai yi ba.

Bayan mako guda ta dawo da fara'arta, ta ce ta samo masa abin da zai faranta masa rai. Ashe ta je ma'ajiyar takardu ta tono tsohon littafin tasha, ta ɗauko hoton wani shafi da rubutun Baba a kai. A gabanmu ta karanta, ni da Auta da Gwaggo. An rubuta rana da wata, da ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya na rana, cewa keken da masu gyaran layi ke turawa ya shigo daga tashar gada ba tare da sanda ba, bisa umarnin shugaban waccan tasha, sai ga sunanka ɓaro-ɓaro. Ta ce ta bi diddigi ta gano ƙanin Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma saboda wannan shafi aka rage masa muƙami aka tura shi can ƙarshen ƙasa. Ta ce wannan shi ne gaskiyar ma'aikatan da, mutum ya kai rahoton ɗan'uwansa don doka, za su sa shafin a gilashi su ajiye sandar a gefensa domin yara su zo su koyi amana. Baffa, wallahi sai a ranar na sani. Mu abin da aka gaya mana tun muna yara shi ne ƙarin girma aka yi maka, nisa ne ya hana ka zuwa. Shekara talatin da biyu ina gaya wa mutane ina da Baffa babban ma'aikaci.

Baba ya saurare ta har ta gama. Sannan ya tambaye ta ko shafin ya faɗi wanda ke kan keken. Ta duba sama da ƙasa ta ce a'a. Ya ce ai ba zai faɗa ba, don littafin ba shi da gurbin rubuta wannan. Ya dafa bango ya shige ɗaki, ranar ko ruwan shayi bai sha ba. Malamar ta tsaya riƙe da takardarta tana tambayata ko ta yi wani laifi ne, ni ma kuwa ban sani ba.

Daga nan na shiga tambaya, kuma da na san inda za ta kai ni da na zauna a kan kekena. Gwaggo ta ce Inna ce a kan keken, naƙuda ta zo mata da gardama kwana biyu, ga sanda tana wurin Baba tun jirgin safe, ga ba mota a bakin gada a wancan zamani. Ta ce sau uku ka buga wayar tasha kana roƙon Yayanka ya riƙe jirgin kaya, shi kuma ya ce doka doka ce, ka jira sanda. Ta rantse har da dafa ƙirji. Na tashi da zuciyata tana tafasa na nufi tasha wurin Mai Tuta, tsohon da ke tsaron mararrabar titi a da, yanzu yana zama a inuwar masu walda. Shi kuma ya ce Gwaggo ba ta nan aka yi, ruwan sama ya kayar da turakun waya tun kwana biyu kafin ranar, ba wayar da ta shiga. Ya ce direban jirgin kaya ya riga ya karɓi sanda har ya busa, shi ne ya hango keke ya ɓullo daga kwana, ya ruga da jar tuta yana ihu. Wai da an ƙara minti biyu da ba a tsinci ko takalminku ba. Ya ce kuma da Masta bai rubuta ba direban zai rubuta, a kore ku ku biyun, gida biyu su rasa abinci. Na koma na gaya wa Gwaggo, ta ce ƙarya yake yi, shekara ashirin yana cin abincin Baba, me ake so ya ce. Na sake komawa wurinsa, ya ce Gwaggo a lokacin tana gidan mijinta a wani gari. Na yi ta safa da marwa tsakanin tsofaffi biyu har takalmina ya tsinke.

Abin da ni kaina na tuna kaɗan ne. Na tuna an ɗauko Inna a kan wani ƙyauren ƙofa an ratsa dandamali da ita, na tuna kai kana biye ba takalmi, ƙafafunka duk jini saboda duwatsun layi, sai wani ya daka mini tsawa na shige gida. Da yamma aka ce an haifi namiji, wanda har yau a gidanmu ba a kiransa sai Ɗan Tasha, ko da yake Inna ta ce malamin makaranta ne mai natsuwa. Da na gaji na je na durƙusa gaban Baba na ce ya raba mini gardama, Gwaggo ce mai gaskiya ko Mai Tuta. Ya ce dukkansu. Na ce ta yaya waya za ta shiga kuma ba ta shiga ba. Ya ce in tashi in ba shi wuri, hayaniyata tana ƙara masa ciwon ciki.

Ana cikin haka likita ya ba mu rana. Kwana biyu bayan nan Baba ya kira ni ya ce in nemo inda kake, yana so a kai maka sandar. Wayyo Baffa, daɗin da na ji! Na ce shi ke nan, tsoho ya sauko, kyautar sulhu zai aika. Na ɗauki sanda da tsohon ambulan ɗin da Inna ta taɓa aiko wa Mama na tafi gidan waya. Na tarar da kanta shida, mutum ɗaya a zaune. Ya duba lambar akwatin ya ce an haɗe wannan ofishi da wani tun tuni, lambobin duk sun canza. Ya ɗora sandar a sikeli, ya juya ta, ya tambaye ni ko kayan aiki ne ko makami, don kowanne da takardarsa. Na ce ta jirgi ce. Ya ce to kayan hukumar jirgi ne, sai na kawo izini daga ofishinsu. Na je ofishin na tarar da kwado a ƙofa da maigadi yana gyangyaɗi, ya ce mai sa hannu yana zuwa ranar Laraba, amma ba kowace Laraba ba. Na dawo gida da rana tsaka kamar in faɗi. Baba ya saurare ni tsaf, sannan ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun Mama na da rai. Ya ce wa ya aike ni gidan waya, ai sanda ba ta tafiya sai a hannun direba.

Haka na koma neman direba. Tsohuwar tashar mota suka ce an mayar da masu dogon zango sabuwa, sabuwa suka ce sai ta bayan gari, a can na samu bas ɗaya da ke zuwa garinku sau ɗaya a mako. Direban mutumin kirki ne mai furfura, da na kwatanta ka ya ce ya san tsohon ma'aikacin jirgin nan da ke zama a ƙofar shagon mai gyaran agogo. Na lallaɓo shi har gida ranar Litinin da safe. Baba ya sa aka zaunar da shi a kujera, ya aika Auta ya karɓo hularsa daga wurin masu tarihi ya kifa, ya duba agogo, ya miƙa sandar da hannun dama ya ce direban ya karɓa da dama. Ya buɗe wani littafin 'yan makaranta ya rubuta lokaci. Ya gargaɗe shi kada ya faɗa maka komai, wai kai ka san karatun. Ni da hannuna na naɗe ta a buhu na ɗaure, ina murna ina sa albarka. Bas na tashi Baba ya ce in kwance jakar asibitin da na haɗa, babu tafiya.

Na ɗauka zolaya ce. Ya ce titin birni gefen layin dogo yake bi, ta bakin gada yake wucewa, kuma sanda ta tafi, don haka shi mai jira ne. Na ce Baba a mota za mu, motar Auta, mai taya huɗu na roba. Na ce layin nan bishiya ta fito a kansa, jirgin da za mu yi karo da shi ya zama gidan kaji. Ya ce duk ya sani, bai haukace ba. Ya ce akwai ranar da wani ya tashi kai marar lafiyarsa asibiti ta wannan hanya, shi kuma ya rubuta da hannunsa cewa ba sanda ba hanya. Yanzu da abin ya zo kansa ba zai canza mudu ba. Shekara ashirin da biyar sanda tana hannunsa, shi ke da hanya, shi ya kamata ya taso ya same ka, bai taso ba. To yanzu ya ba ka, in ka ga dama ka ba shi hanya, in ka ga dama ka riƙe, duk wanda ka yi daidai ne. Baffa, na juya maganar nan ta kowace fuska. Wani lokaci in ga kamar neman gafara ce, wani lokaci in ga taurin kai ne ya sake riga, wani lokaci in ce ko ciwon ne ya taɓa masa kai. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni na hau har na gaji.

Ba irin dabarar da ba mu yi ba. Auta ya je wurin masu walda da hoton sandar da dattijon masu tarihi ya ɗauka, suka ƙera wata sandar, ya dirje ta da yashi da baƙin mai don ta tsufa, ya kawo ya ce ga shi ka aiko. Baba ko karɓa bai yi ba. Ya kalle ta daga nesa ya ce ta gaskiyar tana da lotsawa kusa da zobe, inda ka taɓa yar da ita a kan dogo shekarar da aka ɗauke ka aiki, ya ce Auta ya mayar wa masu ita su yi ƙafar kujera. Maigidana ya kawo limamin unguwa, ya yi masa nasiha mai ratsa jiki cewa jiki amana ne, Baba ya ce gaskiya ne, Allah ya saka, ya raka shi da addu'a, ya koma ya kwanta. Auta ya ce zai sungume shi ya sa a mota, Baba ya ce bismillah, amma ya ga wanda zai sa hannu a takardar aikin. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na ce shi da littafinsa sun raba mu da Baffa, yanzu kuma za su raba mu da uba. Ya dube ni kawai ya ce na yi gaskiya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shekaranjiya Juma'a direba ya dawo, hannu wofi. Na tare shi tun a tasha. Ya ce ka kwance buhun, ka daɗe kana kallo, ka shafa wurin zoben da babban yatsa. Sannan ka tambaye shi ƙarfe nawa ya taso, ka duba agogon mai shago, ka ce ya yi lattin minti arba'in, ka shige gida da ita. Na kawo wa Baba labarin. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ce a miƙo masa littafinsa, ya rubuta lokacin isa. Na ce Baba wannan alamar alheri ce ko ta sharri. Ya ce alamar sanda ta isa ce. Ku biyun nan kuna magana da wani harshe da ba a koya mana ba, kuma ina jin tsoro kada kai ka ɗauka tsohon ƙarfe kawai aka aiko maka don tsokana, ko don a tuna maka abin da ya wuce.

Shi ya sa na karya umarninsa. Ya ce kada a gaya maka zancen ciwo, wai ba ya son hanyar da aka bayar don tausayi. Ni ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, ba wanda ya rantsar da ni a kan littafi, ubana nake so ya rayu. Ya rame, Baffa. Rigunan da na ɗinka masa bara yanzu sai na rage su ta gefe biyu. Ban san wanda ya yi laifi a waccan ranar ba, kuma na daina nema. Ban zo in ce ka manta da ƙafafunka a kan duwatsu ba, ko shekarun da ka yi a inda ba ka san kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba a taɓa jin an cire ɗaya an yar ba.

Ga yadda lissafin kwanakin yake. Yau Lahadi. Gobe direba zai taso da wannan takarda, ta same ka Talata. Zai juyo daga garinku ranar Alhamis da safe ya iso nan Juma'a, sha bakwai ga wata. Bayan wannan babu wani bas kafin ranar aiki. Na tambayi Baba idan ka ba direba sandar ya kawo ba tare da kai ba fa. Ya ce doka ta cika, zai shiga mota. Yana faɗa ya juya fuskarsa bango. Don haka in abin da zuciyarka za ta iya ke nan, ka ba direba, na gode har abada, ba kuma zan ga laifinka ba. Sai dai na roƙe shi ya bar kujerar gaba ba kowa ranar Alhamis, ya kuma yi alkawari zai tsaya a ƙofar shagon mai agogo ya yi oda sau biyu.

Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata 'yarta tana neman addu'a. Ka gaishe da Ɗan Tasha da maiɗakinsa da yaransu, da sauran ƙannena da ban taɓa gani ba, Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Maigidana yana gaishe ka, Auta yana gaishe ka, Gwaggo ta ce in gaya maka ita har yanzu tana kan bakanta, kuma tana kuka tana faɗa. Mai Tuta ma da ya ji zan rubuto ya ce a miƙa gaisuwarsa.

Abu na ƙarshe, Baffa. Idan ka taso cikin gaggawa har ka manta sandar a gida, kada ka koma ɗaukowa. Mu duka mun gwada mun kasa, da liman da likita da makanike. A duk zuri'ar nan mutum ɗaya ne ya taɓa ɗora marar lafiya a kan wannan hanya ba tare da sanda ba, ya kuma kai shi asibiti da rai. Ka zo ka ɗora Yayanka.

Wassalam. Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka mai jiran Juma'a,
babbar 'yar Yayanka